Daga Kano Zuwa Jidda: Kilomita Nawa, Awa Nawa?

Shekarar da kawuna ya je Umara, kafin yaƙin Sudan ya ɓarke, ni na kai shi filin jirgin Malam Aminu Kano, ni kuma na ɗauko shi. Kwana biyu da dawowarsa muna zaune a zaure, mutane na ta shigowa barka da sauka ana miƙa musu zamzam a 'yan ƙananan kofuna, sai ya zaro tikitinsa daga aljihun gaba, duk ya yamutse ya sha ninki.

Ya ce, "Zo nan, kai da ka yi boko. Duba min. Da za mu tafi awa bakwai saura kwata muka yi a sama. Da za mu dawo ko uku ba mu cika ba. Jikina dai ya gaya min duk ɗaya ne, to amma ai takarda ba ta ƙarya. Ko dawowar gangare ce?"

Na ce, "Kawu, ku ba ni in gani."

A layin tafiya an rubuta tashi daga Kano 10:00, sauka a Jidda 16:45. A layin dawowa, tashi daga Jidda 09:00, sauka a Kano 11:45. Takarda ba ta yi ƙarya ba, jikin kawu ma bai yi ba. Ku riƙe waɗannan lambobi huɗu a ranku, za mu dawo kansu. Burina shi ne kafin mu rufe wannan darasi kowannenku ya iya karɓar tikitinsa, ko na mahaifiyarsa, ko na ɗansa, ya karanta da kansa, ya san awa nawa za a yi a sama da kuma ƙarfe nawa ya kamata 'yan gida su fara sauraron waya. Abu ne na raba lamba da haɗa lamba, kuma duk wanda ya iya lissafin buhun masara a kasuwa ya fi ƙarfinsa.

Nisan da ke tsakani

In aka auna kai tsaye, ba ratse ba kwana, tsakanin Kano da Jidda akwai kimanin kilomita 3,400. Zuwa Madina ya ɗara haka kaɗan, wajen 3,550. Makka ba ta da filin jirgin fasinja, shi ya sa ake sauka a Jidda ko a Madina sannan a ƙarasa ta ƙasa. Don lambar ta zauna a kai, ku tuna hanyar mota daga Kano zuwa Legas, wadda ta kai kilomita dubu ɗaya da 'yan kai. Zuwa Jidda kamar mutum ya yi wannan doguwar tafiya ne sau uku ya kuma ɗora da kusan rabi.

Kakanninmu sun san wannan nisa da tafin ƙafarsu. Mai niyyar Hajji a wancan zamani sai ya raba gado tun yana raye, ya nemi gafarar kowa, don ba wanda ya san ko za a sake ganawa. A fita ta Maiduguri, a bi ta Njamena, wadda a lokacin Turawa ake kira Fort-Lamy, a kai Abeshe, a shiga Darfur ta Jinaina, a yada zango a Fashir, a wuce Ubayyid, a isa Hartum, daga nan a nufi gaɓar Bahar Maliya a Sawakin a hau jirgin ruwa. Ayari mai jakuna da raƙuma, da tsofaffi da mata masu goyo, in ya yi kilomita 25 a yini ya yi ƙoƙari. Ku raba 3,400 da 25, za ku samu kwana 136, wato wata huɗu da rabi. Amma a takarda kawai ake samun wannan lissafi. A ƙasa hanya ba ta miƙe ba, guzuri yakan ƙare, sai a tsaya a yi noman ƙodago ko tsinkar auduga a tara na gaba, damina ta tare hanya, ciwo ya kwantar da wani. Tafiyar takan ci shekaru. Wasu an haife su a hanya, wasu a hanya aka binne su, wasu kuwa da yawa suka zauna a Sudan, zuriyarsu na can har yau suna jin Hausa da Fulatanci. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ne ya kafa shi da jama'ar da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903.

Abin da ke taɓa min zuciya shi ne jiragen sama na farko ma sawun waɗannan bayin Allah suka bi. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano daga Masar, bayan sun shafe kwanaki suna yada zango. A 1936 da aka fara jigilar wasiƙu da fasinja tsakanin Hartum da Kano, tashoshin da jirgin ke sauka ya sha mai su ne dai Ubayyid da Fashir da Jinaina da Abeshe da Fort-Lamy da Maiduguri. Jirgin yau ba ya sauka a ko ɗaya daga cikinsu. Zangon yini guda na ayari, a minti biyu yake share shi.

Gudun jirgi da lissafin awa

Manyan jiragen fasinja na zamanin nan, in sun daidaita a sama, suna tafiyar kilomita 850 zuwa 900 a awa ɗaya. Suna hawa kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, inda iska ba ta da kauri, don haka ba ta tare jirgi sosai kuma mai ba ya saurin ƙarewa. Sanyin wajen yakan kai digiri 50 ƙasa da sifili, ko da kuwa a ƙarƙashin jirgin rairayin hamada ne ke tafasa.

Ƙa'idar ɗaya ce da ta mota ko keke: a raba nisa da gudu, a samu lokaci.

3,400 ÷ 850 = 4

Awa huɗu ke nan. To me ya sa tafiyar kawu ta zarce haka? Saboda jirgi ba ya fara wannan gudu tun daga bakin ƙofa. Lokacin da ake rubutawa a tikiti yana farawa ne daga sa'ar da jirgi ya motsa daga inda ya ɗauki fasinja, ya ƙare sa'ar da ya tsaya cak a inda zai sauke su. A tsakani akwai tafiyar hawainiya zuwa titin tashi, da jiran izini daga masu kula da zirga-zirgar sama, da minti ashirin ko fiye na hawa, da kusan rabin awa na saukowa a hankali. Saboda haka bayan kun raba, ku ƙara minti 30 zuwa 45. Awa huɗu da minti 45, ga tafiyar Jidda ta fito.

A gajeriyar tafiya wannan ƙari ya fi fitowa fili. Kano zuwa Legas ta sama kimanin kilomita 830 ne, abin da bai cika awa ɗaya ba a lissafi, amma a tikiti wajen awa ɗaya da rabi za ku gani.

Wani lokaci allon da ke bayan kujera yakan nuna nisa da mil maimakon kilomita. Mil ɗaya na ƙasa kilomita 1.6 ne, mil na matuƙa jirgin sama da na ruwa kuwa kilomita 1.852. In kuka ga an rubuta dubu biyu da ɗari ɗaya ko dubu ɗaya da ɗari takwas da 'yan kai, Jidda ba matsowa ta yi ba, mudun awo ne ya sauya.

Agogo biyu

Yanzu mu koma zaure wurin kawu.

Duniya tana juyawa ne daga yamma zuwa gabas, ta cika zagaye ɗaya a awa 24. Masana sun raba zagayen gida 360, kowane gida ana ce masa digiri. In aka raba 360 da 24 za a samu 15, wato kowane digiri 15 da mutum ya matsa gabas, rana na riga fitowa da awa ɗaya. Kano tana wajen digiri 8 da rabi gabas da layin da ake fara ƙirga, wanda ya ratsa ta Landan. Jidda tana wajen digiri 39. Tsakaninsu digiri 30 da ɗoriya, awa biyu ke nan. Shi ya sa a watan azumi muke ganin an sha ruwa a Harami a talabijin alhali mu nan ko la'asar ba ta daɗe da wucewa ba.

Ga sirrin tikiti, kuma shi ne abin da na fi so ku tafi da shi gida: kowane lokaci da aka rubuta, agogon garin da aka ambata ne. Lokacin tashi na garin tashi, lokacin sauka na garin sauka.

Kawu ya tashi 10:00 agogon Kano, ya sauka 16:45 agogon Jidda, wato biyar saura kwata na yamma. A daidai wannan lokaci agogon Kano uku saura kwata yake nunawa, 14:45. Daga 10:00 zuwa 14:45 awa huɗu da minti 45. A dawowa ya tashi 09:00 agogon Jidda, lokacin a Kano ƙarfe bakwai na safe ne, 07:00, ya sauka 11:45. Daga 07:00 zuwa 11:45, awa huɗu da minti 45. Da na gama zana masa a bayan tikitin, ya yi shiru yana bin lambobin da yatsa, can ya ce, "Ashe jikina ne mai gaskiya." Ya karɓi biron ya sake yin lissafin da hannunsa.

Dabarar ita ce a mayar da lokutan biyu kan agogo guda kafin a ɗebe. Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru agogonsu ɗaya. Gana tana bayanmu da awa ɗaya. Sudan tana gabanmu da awa ɗaya, Saudiyya da Habasha da awa biyu, Dubai da awa uku, ƙasar Sin da awa bakwai. Ingila tana da nata tsarin: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya da su, sauran watanni suna bayanmu da awa ɗaya.

Wannan bambanci ba a takarda ya tsaya ba. Mai tafiya gabas yininsa gajarta yake yi, azahar da la'asar su matso kusa da juna. Mai azumin da ya taso daga Jidda zuwa Kano kuwa rana yake bi, sai yininsa ya ƙaru da kusan awa biyu, kuma daga tagar jirgi yakan ci gaba da ganin rana bayan ta faɗi ga mutanen da ke ƙasa. Hukuncin salla da buɗa-baki a irin wannan hali, da wurin ɗaura harami, na malamai ne, a tambaye su tun kafin a bar gida. Amma tambayar ta fi kyau a bakin wanda ya riga ya san awa nawa zai yi a sama.

Hanyar da ta lanƙwashe

Ku samo kankana ko lemo babba, da zare. Ku ɗiga alama biyu a jikinsa nesa da juna, duka a ɓangaren sama. Ku ɗora zaren daga wannan alama zuwa waccan, ku ja shi ya yi tsam. Za ku ga bai bi ta gefe ba, ya haura ta wajen hancin kankanar. Wannan layi da zare ya kwanta a kai shi ne hanya mafi gajarta, domin duniya dunƙulalliya ce, kewayenta kimanin kilomita 40,000. Taswirar da ke jikin bangon aji shimfiɗa duniya aka yi kamar fatar da aka jeme, kuma wajen shimfiɗawa dole a ja wasu sassa su buɗe. Don haka layin da ya miƙe a kan duniya sai ya fito a lanƙwashe a taswira.

Tsakanin Kano da Jidda lanƙwasar ba ta da yawa, don garuruwan ba su yi nisa da layin da ya raba duniya arewa da kudu ba. Amma jirgin da ya tashi daga Dubai zuwa Los Angeles a yammacin Amurka, arewa yake nufa, ya bi ta kusa da ƙurewar arewacin duniya inda ƙanƙara ba ta narkewa, sannan ya gangaro. Da wannan zare ne kuma ake fitar da alƙibla. Daga Kano, gabas ce ta ɗan karkata arewa. Musulmin New York kuwa arewa maso gabas suke fuskanta, alhali wanda ya dubi taswirar bango zai rantse kudu maso gabas Makka take.

Sai dai ba kullum ake barin jirgi ya bi zare ba. Kowace ƙasa ita ke da iko da sararin samaniyarta, kuma a sama ma akwai tituna da mararraba waɗanda ido ba ya gani. Layin Kano zuwa Jidda ya ratsa Chadi ya kuma keta Sudan daga yamma zuwa gabas. Da yaƙi ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilu 2023, aka rufe sararin Sudan ana saura 'yan makonni a fara jigilar alhazai. Dole jirage suka riƙa zagaye, tafiya ta ƙaru da awoyi, mai ya ƙaru, har kamfanonin jigila suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane maniyyaci. Tsohuwar da ta sayar da shanunta a ƙauyen Jigawa ta biya kujera, harbin da ake yi a Hartum ya taɓa guzurinta, ya kuma ƙara wa ƙafafunta kumburi a kujerar jirgi. Ƙasar da ta ciyar da mahajjatanmu na ƙafa shekara da shekaru, yau ko ta samanta ba a iya wucewa cikin natsuwa, kuma 'yan'uwanmu na can a ƙarƙashin wannan sama suke kwana.

Haka aka yi a watan Agusta na shekarar, lokacin da Nijar ta rufe nata sararin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, jiragen da ke tsakanin Turai da Najeriya suka koma zagaye. Tun 2022 kuma da Rasha ta hana jiragen Turai bi ta samanta, tafiyar Helsinki zuwa Tokiyo ta tashi daga wajen awa tara zuwa wajen sha uku.

Iska

Wanda ya taɓa tuƙa keke yana fuskantar iskar hunturu ya san bambancin tafi da dawowa. A can sama inda jirage ke bi akwai wasu koguna na iska masu tsananin gudu, waɗanda a sassan Turai da Amurka da arewacin Asiya suke kwarara daga yamma zuwa gabas, gudunsu kan wuce kilomita 200 a awa. Landan zuwa New York kimanin kilomita 5,550 ne. Mai zuwa New York yana gaba da iska, ya yi wajen awa takwas. Mai dawowa iska na tura shi, ya yi wajen bakwai. A watan Fabrairu 2020, lokacin wata gagarumar guguwa, wani jirgin British Airways ya zo Landan daga New York a awa huɗu da minti 56. A irin wannan hanya tambayar kawu tana da gindi, dawowar kamar gangare ce.

Akwai tambayar da ba a rasa mai yinta a aji: tunda duniya juyawa take, me zai hana jirgi ya tsaya cak a sama har Jidda ta zo ta same shi? Amsar ita ce iskar da jirgin ke ciki tare take juyawa da duniya. Wanda ya yi tsalle a cikin motar da ke gudu, a inda ya tashi zai dira.

In akwai sauka a hanya

Ba kowane tikiti ne na kai tsaye ba. Mai zuwa Jidda ta Alkahira zai yi kimanin kilomita 3,100 a zangon farko, da 1,200 a na biyu, jimla wajen 4,300, ga kuma zaman jira a tsakani wanda wani lokaci ya fi tafiyar kanta tsawo. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Guwanzu a ƙasar Sin sun san wannan sarai, don ta Adis Ababa ko ta ƙasashen Larabawa suke bi. Irin wannan tikiti yakan fi araha, amma kafin a saya wa dattijo ko mai ciwon ƙafa ko mace mai goyo, a zauna a ƙirga tun daga tashin farko har saukar ƙarshe. Na sha ganin an murna da rangwamen kuɗi kaɗan, aka bar tsoho ya kwana a kan benci a ƙasar da ba ya jin yarenta.

A tikiti ba a cika rubuta sunan gari duka ba, haruffa uku ake sawa. KAN Kano ce, ABV Abuja, LOS Legas, JED Jidda, MED Madina. Lokaci kuma da agogon awa 24 ake rubuta shi: in lambar ta wuce 12, ku ɗebe 12, abin da ya rage shi ne ƙarfen yamma ko dare. 19:30 bakwai da rabi na dare ne. 00:40 kuwa sha biyu da minti arba'in na dare, kuma ranar da aka rubuta a gefensa ta riga ta shiga, don haka mai tashi 00:40 ranar Talata, tun daren Litinin zai je filin jirgi. Mutane da yawa sun rasa jirgi a kan wannan kaɗai. In kuka ga +1 kusa da lokacin sauka, washegari za a sauka.

Aiki

Ku buɗe littattafanku. Tsakanin Abuja da Landan akwai kimanin kilomita 4,800. Ku raba da 850, ku ƙara minti 40, ku faɗi awa nawa tafiyar za ta ɗauka. In jirgin ya tashi daga Abuja 08:00 a watan Janairu, ƙarfe nawa agogon Landan zai nuna sa'ar da ya sauka? In a watan Yuli ne fa?

Sannan ku gwada babba. Tafiya mafi tsawo da jirgin fasinja ke yi ba tare da sauka ba a 'yan shekarun nan ita ce tsakanin Singafo da New York, sama da kilomita 15,300. Ku yi lissafin da kanku, ku gani ko za ku faɗo tsakanin awa 18 da 19, wanda shi ne abin da fasinjojinsa ke shafewa a zaune.

Wanda kuma ke da tsohon tikiti a gida, nasa ko na wani ɗan'uwa, ya zo mana da shi mako mai zuwa. Za mu rufe suna da lambar fasfo, mu ɗora shi a kan tebur, mai shi ya karanta mana.